Amsa: kallon tashoshin Canal+ a tablet

Ɗan'uwa, ka ce ko shirin da ya wuce ka a tauraron ɗan'adam za ka iya kallonsa a tablet, e ana yi mana, amma ba parabol ɗin ke kawo shi ba, intanet ne. Ka sauke manhajar Canal+, ka buɗe kwanti ka haɗa shi da lambar abonema ɗinka, shi ke nan.

Sai dai mega, wallahi bidiyo na shanye forfe sosai, ka rage ingancin hoton tun farko. Nan Damagaram rezo ya fi sauƙi da dare, lokacin nake sauke abin da ake yarda a sauke, in kuran ya ɗauke da rana yara su zauna zaure su kalla.