Me ya sa asid ya ci nailan ya bar jarka?

Ka tambaye ni, yaro, yadda aka yi bushin ɗin nailan mai tsada ya ruɓe a famfon ruwan batir, alhali jarkar da ruwan ke ciki ko gezau ba ta yi ba. To, ƙarfin roba daban, jure wa sinadari daban.

Nailan gwani ne a cikin fetur da baƙin mai da giris, amma asid tsinka sarƙoƙin jikinsa yake yi har ya riƙa marmashewa a hannu. Jarkar kuwa, juya gindinta za ka ga lamba 2 a cikin alwatika, wato nau'in robar da ake kira HDPE. Ita da PP mai lamba 5, wadda ake yin gidan batirin mota da ita, ruwan batir da soda ba sa yi musu komai. PVC ma haka, sai dai asiton, sinadarin goge jan farce, na laushe ta. Gam ɗin da kake haɗa bututu da shi ai narkar da fatar PVC ɗin yake yi don su manne.

Wadda nake so ka yi hattara da ita ita ce robar polikabonet. Ka sa guduma ba ta fashe ba, amma ka ɗaure ta da noti tam, sannan wani ya goge ta da tina ko ruwan amoniya, sai ka ga tsaga siri-siri sun zagaye ramin notin kamar saƙar gizo. Ɗaurin da sinadarin ne suka haɗu suka kashe ta. Shi ya sa in za ka gwada roba, ka lanƙwasa guntunta ka ɗaure, sannan ka jiƙa shi a ainihin ruwan da za ta zauna a ciki, a kan zafin da injin zai yi aiki. Jadawalin juriyar roba da kamfani ke bayarwa galibi a digiri 20 ko 23 na Salsiyas aka auna shi, ba a zafin injinka ba.

Robar Delrin tana jure fetur, ba ta shiri da asid ko kulorin. Teflon kuwa, wadda masanin sinadarai Roy Plunkett ya gano a 1938, kusan babu abin da ke cin ta, tana jure zafi har digiri 260, amma laushi gare ta, nauyi na malƙwasa ta sannu a hankali.

Wannan bushin ɗin dai, tunda ba ya ɗaukar nauyi sosai, ka sassaƙa shi da Teflon.