Amsa kan naman kazan da ya tsiro a filin ciyawa

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Malam, na ga hotunan da ka turo na naman kazan da ya fito a filin ciyawar bayan gidanka bayan ruwan shekaranjiya, na kuma ji tambayarka ko shi ne irin wanda ake samu a jikin suri a yi miya da shi. Amsata ita ce kada a ci shi, kada kuma a bar yara su yi wasa da shi.

Abin da hoton ya nuna shi ne farar hula mai faɗi da ɓawo-ɓawo masu ruwan ƙasa da suka fi taruwa a tsakiya, da zobe a jikin karan, kuma sun tsiro da yawa sun yi da'ira a kan ciyawa. Waɗannan siffofi sun fi kama da wanda masana ke kira Chlorophyllum molybdites, mai son ƙasashe masu zafi da filayen ciyawa a lokacin damina. A Amurka shi ne ya fi kowane naman kaza yawan sa mutane rashin lafiya, domin girmansa da kyansa suna yaudarar mai tsinka. Galibi ba ya kisa, amma cikin awa 1 zuwa 3 da cinsa mutum zai kama amai da gudawa mai tsanani, wani lokaci har da jini, kuma ƙaramin yaro ko tsoho ruwan jikinsa na iya ƙarewa kafin a ankara. Dafuwa ba ta ba da tabbacin kawar da dafinsa.

Sai dai hoton da aka ɗauka daga sama ba ya yanke hukunci, kuma a nan ne nake roƙon ka ɗan yi wani aiki. Ka zaɓi wanda ya manyanta, ka yanke hular daga karan, ka kife ta a kan farar takarda yadda siraran layukan nan na ƙarƙashinta, masu kama da shafukan littafi, za su fuskanci ƙasa. Ka rufe da kwano ya kwana. Da safe za ka tarar da ƙurar irinsa ta zuba a takardar ta fitar da zanen layukan. Idan ƙurar kore ce mai duhu-duhu, magana ta ƙare, shi ne mai dafin. Dalilin da ya sa na ce wanda ya manyanta shi ne, idan yana ƙarami layukansa farare ne tas, sai ya tsufa suke rikiɗewa zuwa kore, kuma a ƙuruciyar tasa ne ya fi ruɗar mutane.

Shi kuwa na suri, wanda masanin Faransa Roger Heim ya ba jinsinsa sunan Termitomyces a 1942, gara ce take noma shi a cikin gidanta, tana ci daga gare shi. Saboda haka karansa ba ya tsayawa a fuskar ƙasa. Yana da doguwar jijiya da ke siranta tana nutsewa har ta kai ɗakin garar. Da yawa daga cikinsu suna da ɗan tsini mai tauri a tsakiyar hula, wanda da shi suke huda ƙasa su fito, ƙurarsu kuma tana ɗaukar launin hoda mai haske. Na san wani zai ce ai a duba wurin da ya tsiro kawai, to amma gidan gara yakan kasance a ƙarƙashin ƙasa babu tudu a sama, wani kuma mai dafi yana iya tsirowa dab da suri. Har ma akwai na suri mai ɓawo a hula kamar wannan naka. Don haka a haƙo shi da wuƙa ko fartanya har gindi, kada a fizge shi.

Haƙowar tana da wani amfani da ya fi wannan. Dangin Amanita, waɗanda cikinsu akwai Amanita phalloides da ke haddasa mafi yawan mace-macen naman kaza a duniya, da yawansu suna da wata 'yar jaka da ta lulluɓe gindin karan, kuma idan aka fizge shi jakar takan saura a cikin ƙasa ba a gan ta ba. Galibi layukansu da ƙurarsu farare ne. Dafin Amanita phalloides ba ya jin wuta, ba ya kuma nuna kansa sai bayan awa 6 zuwa 24. Mutum ya yi amai da gudawa, sannan ya ji kamar ya warke, alhali hantarsa ce ke lalacewa a ɓoye. Shi ya sa jinkirin ciwon ya fi saurinsa ban tsoro.

Maganar da ake yi cewa idan ƙwari ko dodon koɗi sun ci to mutum ma zai iya ci, ko kuma cewa cokalin azurfa yana baƙi idan akwai dafi, duk ba su da tushe. Haka ma manhajojin waya masu gane tsiro daga hoto, ni dai ba zan ɗora lafiyar iyalina a kansu ba.

Idan kuwa akwai wanda ya riga ya ɗanɗana, a kai shi asibiti yanzu ko da bai ji komai ba, a tafi da ragowar naman kazan a nannaɗe cikin takarda, ba leda ba, domin leda tana ruɓar da shi. A faɗa wa likita lokacin da aka ci. Manja da madara ba sa karya wannan dafi; ruwan gishiri da sukari yana taimakawa a kan hanya, amma ba ya maye gurbin asibiti.

Malam, in ka yi gwajin takardar, ka turo mana hoton ƙurar da na gindin karan gaba ɗaya mu gani. Wassalam.