Yaron da ba ya bambance nunannen tumatur da ɗanye

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ɗanka ke haɗa ɗanyen tumatur da nunanne idan kuna tsinka a gonarku ta Kadawa, alhali ƙannensa mata ba sa yin haka. Mafi yawanci wannan gado ne, ba sakaci ba ne, don haka a daina yi masa faɗa. A tantanin da ke can cikin ido akwai ƙwayoyi iri 3 masu tantance launi, kowane iri da sinadarin da yake kama haske da shi. Ƙwayoyin gadon da ke tsara sinadaran ja da kore suna kan kiromosom X, wato ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikin mutum, kuma idan ɗayansu ya ɓace ko ya sauya har ya yi kusa da ɗan'uwansa, sai launukan biyu su riƙa rikicewa. Namiji X ɗaya gare shi, daga mahaifiyarsa, mace kuwa biyu gare ta, mai lafiyar yakan rufa wa ɗayan asiri. Saboda haka a bincika wajen kawunnansa na ɓangaren uwa, domin uba ba ya gadar wa ɗansa namiji wannan.

Abin da na lura da shi a aikin duba ido shi ne, rashin bambance launi na gado yana nan tun haihuwa, a ido biyu, kuma ba ya ƙaruwa. Idan kwanan nan abin ya fara, ko a ido ɗaya ne, to a hanzarta kai shi asibiti, inda za a duba idon, a kuma yi masa gwajin Ishihara mai lambobi cikin ɗigogin launi.