Daga Kamba Zuwa Bakin Kogin Imjin: Amsa ga Ɗana Mai Shirin Zuwa Koriya

Ɗana, saƙonka ya iske ni ranar Juma'a a cikin jirgin ƙasa, na taso daga babban masallacin Itaewon da ke birnin Seoul. Ka ce ka gama jami'ar Aliero, ka yi hidimar ƙasa, yanzu kana haɗa takardun neman tallafin karatu na gwamnatin Koriya ta Kudu. Sai ka kawo gardamar da ta tashi a majalisarku a Kamba. Wani abokinka ya ce Koriya ta Arewa ta kulle kanta, ba ruwanta da dunƙulewar duniya, abin ya tsaya a Kudu. Kai kuma ka ce in da ba ta cikin duniya, da ba a riƙa jin sunanta kullum a rediyo ba. Ka rubuta: "Kawu, ku da kuke kusa ku raba mana gardama, kuma ku faɗa mini ko buɗewar Kudu ta haɗa da irinmu." Na zaɓi in amsa a fili, don na san ba kai kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Bari in soma da abin da idona ya gani. Akwai wani tudu a Paju, ana ce masa Odusan, tafiyar kamar awa ɗaya daga Seoul, daidai inda kogin Han ya haɗu da Imjin. An jera na'urorin hangen nesa a saman ginin da ke kan tudun. Na je da kaka. Da na kafa ido, sai ga fadamar shinkafa a tsallake, cikin Koriya ta Arewa, ba ta fi nisan kilomita 2 ba, mutane sun duƙa suna yanka, wani ya wuce kan keke. Wallahi sai na ji kamar a gaɓar Kwara nake a Dole Kaina ina hangen tsallake. Wani dattijo na gefena, ya daɗe bai ɗaga kai daga na'urar ba. Daga baya ya ce mini mahaifinsa daga can ya tsallako lokacin yaƙi, ya bar uwarsa da ƙannensa, har ya rasu bai sake jin muryarsu ba. Ba waya, ba wasiƙa, ba kwale-kwale. Koriyar biyu harshensu ɗaya, abincinsu ɗaya. An raba su a 1945, suka gwabza daga 1950 zuwa 1953, aka tsagaita wuta, kuma har yau ba a sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ba.

Saboda haka kada ka raina maganar abokinka, yana da gaskiyarsa. Talakan Koriya ta Arewa ba shi da intanet irin wadda kake karanta wannan da ita. Abin da aka ba shi na cikin gida ne, Kwangmyong, iyakarsa ƙasar. Ko daga lardi zuwa lardi sai da takardar izini, balle fasfo. A ƙarshen 2020 suka yi dokar da ta tsananta hukunci a kan kallon finafinan Kudu da jin waƙoƙinta. A Janairun 2020 kuwa, da aka ji ƙishin-ƙishin korona, suka datse iyakokinsu gaba ɗaya tun sauran ƙasashe ba su farga ba.

Amma kai ɗan Kamba ne, bai kamata a yi maka bayanin rufe iyaka ba. Kana gida a Agustan 2019 da aka rufe boda. A Disamban 2020 aka buɗe Illela da Maigatari da Seme, tamu sai Afrilun 2022. Aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, garin da ke da gidajen mai ya koma sayen mai a jarka. To, shinkafa 'yar waje ta daina shigowa? Manomin Tailan ya noma, jirgin ruwa ya sauke a Kwatano, buhu ya hau babur cikin dare, ya bi ta daji da ruwa, ya kwana a kasuwa. Abin da ya sauya shi ne farashi, da kuma wanda ke cin ribar. Mahaifiyarka, Yayata, ta kira ni a waɗannan kwanaki tana ba ni labarin wata tsohuwa da aka ƙwace wa 'yan kwanonin shinkafarta a hanya, alhali kowa ya san masu manyan kaya na wucewa. Manomanmu na Argungu da Suru sun ga kasuwa, ban musa ba, kuma na yi musu murna. Sai dai mai ƙaramin jari da ke kai albasa Gaya ta Nijar ya dawo da sefa, shi aka karya. Haka aka maimaita bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023: aka yanke wutar da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, manyan motoci suka yi layi a Malanville, kan iyakar Benin da Nijar, kaya suka koma kwale-kwale.

Ka riƙe wannan hoton, ka ɗora shi a kan Koriya ta Arewa, za ka gane ta fiye da masu dogon turanci. Fiye da kashi 90 cikin 100 na cinikinta da waje da ƙasar Sin take yi, yawancinsa ta gadar da ta haɗa Dandong da Sinuiju. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, mai da takin da take samu da sauƙi suka yanke, ambaliya ta biyo baya, yunwa ta kashe mutane masu ɗimbin yawa a tsakiyar shekarun 1990. Ka lura da kyau: rushewar wata ƙasa can nesa ce ta taimaka wajen kife tukunyarsu. Wanda ba ya cikin duniya, me zai haɗa shi da wannan? Daga yunwar ne kasuwannin da suke kira jangmadang suka tsiro, mata ne ƙashin bayansu, kayan Sin ne a shimfiɗe, kuɗin Sin da dala na yawo hannu da hannu, finafinan Kudu na shiga a ɓoye cikin 'yar filashin da ba ta kai ɗan yatsa ba.

Ta ɓangaren hukuma kuwa abin ya fi haka nisa. Kamfanin Orascom na Masar ne ya kafa musu layin wayar salula a 2008. Ƙaton mutum-mutumin nan na tagulla da aka buɗe a Dakar a 2010, maginan Koriya ta Arewa suka yi shi. Suna da ofishin jakadanci a Abuja. Sun tura leburori Rasha da Sin da ƙasashen Larabawa, gwamnati na karɓe mafi yawan albashin, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da umarni a 2017 a mayar da su gida. A 2024 sojojinsu suka je yankin Kursk suna taya Rasha yaƙi da Yukiren. A Fabrairun 2025 hukumar FBI ta Amurka ta ɗora musu alhakin satar kuɗin kirifto na kusan dala biliyan 1.5 daga kasuwar kirifto ta Bybit, a ƙasar da ɗan makaranta bai taɓa buɗe Google ba. Har da Kudun ma sun taɓa haɗa jari: daga 2004 zuwa 2016, a garin Kaesong na Koriya ta Arewa, kamfanonin Kudu fiye da 120 sun ɗauki ma'aikatan Arewa sama da 50,000.

To ga hukuncina, kuma ka kai shi majalisa yadda na faɗa. Gwamnatin Koriya ta Arewa tana cikin duniya tsundum, tana saye, tana sayarwa, tana aikawa da mutane, tana karɓar kuɗi. Mutumin da na hango yana yankan shinkafa shi aka fitar. Tashin farashin mai a duniya zai same shi har gona, takunkumi zai same shi, yaƙin Turai zai iya ɗauke masa ɗa, amma shi ba shi da ikon ɗaga waya ya kira tsallaken kogi. Duniya na shigo masa ta inda take so, shi ba ya fita ta ko'ina. Ni da talaka nake auna wannan magana, domin in da kaya da kuɗi za a auna, babu ƙasar da ta rage a waje. Da wannan ma'auni ba zan jera ta da Kudu ba, kuma raina yana ɓaci in na ji wani a gida yana yaba ta wai ta tsaya da ƙafarta. Ƙafar wa? Mutum fiye da 30,000 sun sayar da rai sun gudo Kudu, mafi yawansu mata.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, wanda ya fi damuna, don shi ya shafi rayuwarka.

Kudu ba da buɗaɗɗiyar ƙofa aka haife ta ba. Sai a 1989, bayan gasar Olamfik ta Seoul, aka sakar wa kowane ɗan ƙasa mara ya fita waje yadda ya so. Tun daga 1963 ta riƙa tura samarinta ramukan kwal a Jamus ta Yamma, 'yan matanta kuma aikin jinya, suna aiko da kuɗi gida, kamar yadda muke yi yau. Buɗewar ta fitar da Samsung da Hyundai da LG kasuwannin duniya. Katafaren jirgin haƙar mai na Egina da ya iso Legas a 2018 a tsibirin Geoje aka ƙera gangar jikinsa. Ta kuma sha ɗacinta. A 1997 kuɗinsu ya faɗi warwas, suka je wa IMF da ƙoƙon bara, kamfanoni suka durƙushe, iyalai suka yi layi suna miƙa zobban aure da sarƙoƙi, aka tara zinari fiye da tan 200 don a rage bashi. Tsofaffi a nan har gobe in suka ce "zamanin IMF" sai ka ga fuska ta canza.

Ga wani abu da zai ba manomin Kebbi mamaki. Wannan ƙasa da ke sayar wa duniya mota da waya, shinkafar waje in ta wuce adadin da aka ƙayyade, harajin kashi 513 cikin 100 ake ɗora mata. Suna kare manominsu, amma da doka a rubuce wadda kowa ya sani, ba tare da an toshe wa maƙwabci hanyar zuwa jana'iza ba. Wannan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da abin da aka yi mana a 2019.

Kuma ka sani, ƙofar da ke buɗe wa kwantena ba lallai ta buɗe wa mai koren fasfo ba. Suna da tsarin ɗauko leburori daga waje, bizar E-9, amma yarjejeniya ce da wasu ƙasashen Asiya irin su Nepal da Biyetnam da Bangaladash. Nijeriya ba ta ciki. Duk dillalin da ya ce maka ka sayar da gonar gado ya samo maka bizar aikin masana'anta, ƙarya yake yi. Na ga yaranmu da suka shigo da bizar ziyara suka maƙale: ba inshorar lafiya, suna tsoron kai ƙara in an cinye musu albashi, in suka hango ɗan sanda sai su sauya hanya. Suna zaune a ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi ko'ina saurin intanet, amma shekaru sun shuɗe ba su ga iyayensu ba, domin in sun fita ba dawowa. Wani lokaci in na tuna su sai mutumin fadamar tsallake ya faɗo mini a rai. Ni kaina, da takarduna cif, na taɓa zuwa duba ɗaki, mun gama magana lafiya ta waya, mai gidan na ganin fuskata ya ce an riga an kama. Na tsaya a bakin titi cikin sanyin Janairu, hannuna ya ƙage, na rasa wanda zan gaya wa.

Duk da haka ina goyon bayan ka zo, ta hanyar da ka ɗauko. Tallafin karatun gwamnatin nan, da ake kira GKS, na gaskiya ne, ba a biyan ko sisi wajen nema, kuma ana bi ne ta ofishin jakadancinsu a Abuja ko kai tsaye ta jami'a. Na digiri na biyu yakan fito wajen Fabrairu. Za ka yi shekara guda kana koyon harshe, sai ka ci mataki na 3 a jarrabawar harshen Koriya ta TOPIK kafin ka shiga aji. Kada ka jira sai ka sauka. Haruffansu 24 ne na asali, wanda ya haddace Baƙara ba za su gagare shi ba, cikin mako guda za ka fara haɗa baƙi. Aikin wucin gadi ga ɗalibi sai da izinin hukumar shige da fice, kada wani ya ruɗe ka. Naman alade na cikin abinci da yawa, har a romon da ba ka zata ba, don haka ka roƙi Yaya ta koya maka miyar kuka da tuwon shinkafa tun yanzu.

A takardar bayanin manufarka, ka rubuta abin da ka gani a Kamba daga 2019 zuwa 2022: farashin buhu, jarkokin mai, babura cikin dare. Malaman nan sun san iyakar da aka rufe ruf, amma irin tamu da take rufe da rana tana yoyo da dare, kai ne za ka ba su labarinta. In ka gama ka turo mini in duba kafin ka miƙa. Ranar tahowa kuma kada ka yarda a cusa maka kilishi a jaka, ko da Yaya ta nace. An hana shigo da nama, kuma tarar da ake ci a filin jirgin Incheon ba ƙarama ba ce. Ka gaishe ta, ka gaida mutanen majalisa.