Shekara nawa ya kamata a fara judo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da yara biyu, ɗan shekara 4 da 'yar shekara 9, duka suna son judo, wasan kokawar nan na Japan. Na sa su tare, ko ƙaramin ya jira? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Babbar ta kai, a sa ta yanzu. Tsakanin shekara 7 zuwa 10 yaro yana iya tsayawa ya saurari umarni, ya bambance dama da hagu, ya kuma riƙe abokin wasansa ba tare da ya sake shi ya faɗi da ka ba. Wannan na ƙarshen shi ne ma'aunin da ya fi muhimmanci, domin a judo lafiyar wanda aka kayar tana hannun wanda ya kayar da shi.

Ƙaramin kuwa, sai in kulob ɗin yana da ajin ƙanana na musamman. A Faransa akwai irin wannan aji na 'yan shekara 4 zuwa 5, amma wasa ne kawai: birgima, rarrafe, tsalle da ture-ture a durƙushe, na kamar minti 45. Idan za a cusa shi cikin 'yan shekara 10 ne, gara ya jira ya kai 6. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba, shi ya sa in ya faɗi ta baya ƙeyarsa ke fara dukan ƙasa.

Ki je ki zauna ki kalli darasi ɗaya kafin ki biya kuɗi. Abin dubawa shi ne ukemi, wato koyon faɗuwa. Koci nagari yana farawa da yaro a kwance: ya manna haɓa a ƙirji, idonsa a kan ƙullin ɗamararsa, ya mari katifa da hannuwa biyu a ɗan ware daga jiki. Sai a zaune, sai a tsugune, daga ƙarshe a tsaye. Wannan yakan ɗauki makonni. Idan kika ga ana yi wa sabon shiga osoto-gari, kayen da ake share ƙafar mutum ya tafi ta baya, ki ɗauki 'ya'yanki ki fita. Wannan kayen na cikin waɗanda suka fi jawo mummunan rauni a ka ga masu koyo. Haka nan shaƙe wuya da murɗe gwiwar hannu ba na yara ba ne.

Kada ki yi gaggawar gasa. Ko Japan, inda Jigoro Kano ya kafa judo a 1882, ta soke gasar ƙasa ta ɗaiɗaikun 'yan firamare a 2022, saboda matsin da iyaye da kociyoyi ke yi wa yara, har da tilasta musu rage nauyi. Atisaye sau biyu a mako, awa ɗaya, ya ishi 'yar shekara 9.

Tambaya: Shekarata 41, ban taɓa yin wani wasan kokawa ba. Na makara? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, ba ka makara ba. Hukumar judo ta duniya ma tana da rukunin gasa na masu manyan shekaru da ke farawa daga shekara 30. Sai dai matsalarka daban ce da ta yaro. Yaro yana faɗuwa a sake, babba kuwa sai ya sandare, ya miƙa hannu don ya tare ƙasa. Nan ake samun karayar tsintsiyar hannu da gocewar kafaɗa. Na biyu gwiwa: ka dasa ƙafa ka ƙi faɗuwa, abokin wasa ya juya da kai, jijiyar gwiwa ta tsinke. In an ɗauke ka, ka bi kayen kawai, ka fitar da numfashi yayin da kake sauka.

Ka ba da watanni biyu ko uku na farko ga ukemi, da maimaita shigar kaye ba tare da kayarwa ba, da kokawa a kwance a kan katifa. Randori, wato gwabzawa ta sakin jiki, ya zo daga baya, kuma ka nemi mai baƙar ɗamara, wato gogaggen ɗan wasa, ya zama abokinka. Abin mamaki, shi ya fi aminci. Sababbin shiga biyu masu ƙarfi su ne ke ji wa juna ciwo. Yatsu za su yi tsami saboda riƙon riga, don haka ka sassauta riƙo ka naɗe su da filasta. Ka bar kwana ɗaya aƙalla tsakanin atisaye. Idan kana da hawan jini, ciwon zuciya, matsalar ƙashin baya ko wuya, ko kana shan maganin tsinka jini, ka ga likita kafin ka hau katifa.