Tambaya da Amsa: Zaman Tsarki a Bakin Mudu, a Ofis da Cikin Gida

Wasiƙun da suka zo mana wannan wata daga Jos da kewaye kusan duk kan abu ɗaya suke: yadda mai bi zai yi zaman da ya cancanci kiran da aka yi masa, kamar yadda Manzo Bulus ya roƙi ikkilisiyar Afisa a farkon sura ta 4 ta wasiƙarsa. Mun ɗauki biyar, mun sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Baba Fasto, ina sayar da masara da gero da acca. Tun da na fara, mudu biyu gare ni, babba na saye, da wanda aka buga wa gindi na sayarwa. Ina cikin Zumuntar Mata, ba na fashin baiko, amma zuciyata ta daina ba ni salama. In na bari riba za ta ragu, ga kuɗin makarantar yara. Kuma yaya zan yi da abin da ya riga ya wuce? (Wata 'yar kasuwa, Tudun Wada)

AMSA: Mama, wannan rashin salamar kada ki nemi hanyar danne shi, aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana mutum ya ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, a jakarsa ko a gidansa, ta kuma ce abin ƙyama ne ga Ubangiji. Annabi Amos ma, a sura ta 8, ya tsawata wa masu rage mudu da masu sayar da hatsi haɗe da ƙaiƙayi. Baikon da kike kaiwa majami'a bai rufe wannan ba.

Kada mudun nan ya sake bin ki kasuwa. Amma kafin ki farfasa shi, ki auna giɓinsa. Ki cika mudun da kowa ya yarda da shi, ki juye a cikin bugaggen, abin da ya yi saura ki auna da gwangwanin madara. A ce rabin gwangwani ne. In kina sayar da mudu 40 a yini, gwangwani 20 ke nan. A kwana shida na kasuwa ya zama 120. Da wannan za ki yi ƙiyasin abin da ke kanki. Sannan ki lalata shi da hannunki. Kada ki ajiye shi a ƙarƙashin tebur "saboda wata rana", kada kuma ki yi wa maƙwabciyarki kyautarsa. Ki duba babban ma. In ya fi mudun da aka amince da shi a kasuwar ƙauyen da kike sarin kaya, to matan da suka noma hatsin su ma an cuce su, kuma su aka fi mantawa da su.

Sai batun mayarwa. Littafin Firistoci 6:1-5 ya ce wanda ya zambaci ɗan'uwansa ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19:8, ya yi alkawarin riɓi huɗu. Ba mayarwar ce ke sayen gafara ba, jinin Almasihu ne ya biya wannan. Sai dai tuban da ya bar kayan mutane a ɗaki bai ƙarasa ba. Masu sayenki na kullum, mai kunu, mai masa, mai tuwon sayarwa, kin san su. Ki gaya wa kowacce gaskiya a keɓe, ki riƙa biyan ta da hatsi a hankali. Kirista ce ko Musulma, haƙƙin ɗaya ne. Kada ki ɓoye biyan a cikin gyara ki yi shiru, domin gyara alheri ne, wannan kuwa bashi ne. Waɗanda suka saya suka wuce, ba hanyar samun su, Littafin Ƙidaya 5:8 ya nuna irin wannan haƙƙin Ubangiji ake kai wa. Ki ware mudu biyu ko uku kowane mako, ki miƙa wa dattawan ikkilisiya domin gwauraye da marayu, har ki kai ƙiyasin da kika yi. Kada ki ci bashi mai ruwa don ki gama a rana ɗaya.

Inda mutane da yawa ke faɗuwa shi ne farashi. Sai su canza mudu su bar tsohon farashi, cikin wata guda jari ya karye, su ce gaskiya ba ta ciyar da mutum, su koma gidan jiya. Ki zauna da biro: kuɗin buhu, kuɗin mota, ladan ɗan dako, kuɗin rumfa, da abin da ke fita na tsakuwa da ƙaiƙayi. Ki raba a kan adadin mudun da buhun ke bayarwa da ma'aunin gaskiya, ki ɗora ribarki, ki faɗi farashinki ba kunya. Ba za mu yi miki alkawarin arziki ba. Wasu za su gudu zuwa mai araha a makonnin farko, kuma wataƙila sai kin rage wani kashe-kashen kuɗi a gida. Ki gaya wa maigida da shugabar zumuntarku abin da kika ƙudura, don kada ki ɗauki nauyin ke kaɗai.

TAMBAYA: Ina aiki a sashen kuɗi na wata ma'aikata. Ogana yakan kawo takardun biyan kuɗin taron bita da ba a yi ba, ya ce in sa hannu, a ba ni kasona. Shi ma dattijo ne a ikkilisiyarsu. Ba an ce mu yi biyayya ga shugabanni ba? (Wani ma'aikaci, Rayfield)

AMSA: Ɗan'uwa, an ce. Kolosiyawa 3:22-24 da Romawa 13 suna nan, kuma sun shafi zuwa aiki a kan lokaci, da bin umarnin da ba ka so, da girmama oga ko da halinsa bai yi maka ba. Amma biyayya tana da iyaka, Bitrus da sauran manzanni sun faɗe ta a gaban majalisa a Ayyukan Manzanni 5:29: Allah ake fara yi wa biyayya kafin mutum. Sa hannu a kan taron da ba a yi ba shaidar zur ce, kason kuma sata ne.

Yadda ake ƙi yana da muhimmanci. Dubi Daniyel a sura ta 1. Bai yi wa kowa wa'azi ba, bai kira kowa arne ba. Ya roƙi mai kula da su cikin ladabi, ya kawo wata mafita, ya ce a gwada su kwana goma. Kai ma ka sami oga shi kaɗai, ba a gaban abokan aiki ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, duk aikin da ka ba ni zan yi, ko da dare ne, amma wannan ba zan iya sa masa hannu ba." Magana a kan kanka, ba tuhuma a kansa ba. In ya matsa, ka roƙi a ba ka umarnin a rubuce, ka kuma rubuta a cikin fayil cewa ba ka ga takardar halartar taron ba, ba ka ga rahotonsa ba. Mai irin wannan harka ba ya son rubutu.

Abin da ke ɓata yawancin masu wannan niyya shi ne ambulan. Sai mutum ya ƙi sa hannu amma ya karɓi "na goro" a ƙarshen wata. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da ka karɓa, ƙin da ka yi ya mutu. Abin da ka karɓa a baya ka rubuta jimillarsa, ka nemi shawarar fastonka da wani lauya mai bi kan hanyar mayar da shi, domin kuɗin gwamnati ne, mayarwar ba tare da shawara ba tana iya jefa ka cikin wata matsalar.

Na biyu, ka gyara naka teburin. Maƙiyan Daniyel, a sura ta 6, sun bincike aikinsa ba su sami aibi ba. In kana zuwa ofis ƙarfe goma ka rubuta takwas a rajista, ko kana barin aiki ka tafi taron addu'a da sunan asibiti, da wannan za a kama ka. Ka kuma shirya wa sakamako: ana iya canza maka wurin aiki, ko a hana ka tafiye-tafiye masu alawus. Ku zauna da uwargida tun yanzu ku tsara gida a kan albashi kaɗai. Batun cewa oga dattijo ne, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa da ikkilisiyarsa ne. Bai sauƙaƙa maka kome ba.

TAMBAYA: A ikkilisiyarmu an ce macen da ta sa wando ko ta shiga sujada ba ɗankwali ba ta da tsarki. Gaskiya ne? (Wata ɗaliba, Angwan Rukuba)

AMSA: 'Yata, 1 Timoti 2:9-10 da 1 Bitrus 3:3-4 sun nemi kamun kai a sutura, suka kuma sa nauyin a kan hali da ayyukan kirki. Ikkilisiyoyi sun bambanta kan wando da ɗankwali. In taku ta tsara a ɗaura, ki ɗaura ba gunaguni, domin girmama shugabanninki da kiyaye zumunci. Amma ɗankwali ba ma'aunin tsarki ba ne. Ana iya ɗaura shi har gira a fito ana gulma a ƙofar majami'a. Kada ki raina mai ɗaurawa, kada ki hukunta marar ɗaurawa ta wata ikkilisiya. Ki karanta Romawa 14 gaba ɗaya.

TAMBAYA: Ina cikin ƙungiyar mawaƙa. Da dare nakan kalli hotunan batsa a waya. Na yi azumi, na yi kuka, na yi wa Allah alkawari, amma bayan mako biyu sai in koma. Ko Allah ya janye kiransa daga gare ni? (Wani saurayi, Bukuru)

AMSA: Ɗana, bai janye ba. Wanda aka yashe ba ya kuka a kan zunubinsa. 1 Yahaya 1:9 ta tsaya a kan amincin Allah ne, ba a kan yawan hawayenka ba. Ka furta, ka tashi, a daren da abin ya faru, kada ka jira sai ka "ji ka cancanta".

Kuskurenka shi ne kana alkawari amma ka bar ƙofa a buɗe. Romawa 13:14 ta ce kada a yi wa sha'awar jiki tanadi, 2 Timoti 2:22 kuma ta ce a gudu, ba a tsaya a yi kokawa ba. Ka lura da lokacin da abin ke zuwa. Ga yawancin samari bayan ƙarfe goma na dare ne, a kan gado, mutum shi kaɗai, ya gaji ko ransa a ɓace. To, daga ƙarfe tara waya ta bar ɗakin kwananka, ka sa ta caji a falo ko ka ba ɗan'uwanka. Ka daina sayen datar dare. Ka fita daga zaurukan WhatsApp da Telegram da ake turo abin, ka goge shafukan da ke jan ka a Facebook da TikTok. In duk wannan bai isa ba, ka koma ƙaramar waya marar intanet na wata uku. Abokai za su yi maka dariya, ka bar su.

Sannan Yakubu 5:16: ka gaya wa mutum guda. Namiji, wanda ya girme ka a bangaskiya, mai riƙe sirri, ba budurwarka ba, ba abokin da ke fama da irin ciwonka ba. Ku sa rana ɗaya a mako da zai tambaye ka kai tsaye, kai kuma ka amsa ba kwana-kwana. Gurbin da ka buɗe kuma ka cika shi. Bisharar Markus sura 16 ce, sura ɗaya kowane dare a Littafi na takarda, ba na waya ba. Batun ci gaba da waƙa, ka bar wa fastonka ya yanke bayan ka gaya masa gaskiya.

TAMBAYA: Ni da yayana ba ma magana shekara biyu saboda filin da mahaifinmu ya bari. Ikkilisiyarmu ɗaya, muna cin jibin Ubangiji a layi ɗaya. Shi ne da laifi. Dole ni zan fara zuwa? (Wani magidanci, Kabong)

AMSA: Ɗan'uwa, kai za ka fara. Yesu ya rufe hanyar ta gefe biyu. A Matiyu 5:23-24, in ɗan'uwanka ne ke da magana a kanka, ka bar baikonka ka je. A Matiyu 18:15, in shi ya yi maka laifi, nan ma kai za ka je. Kuma abin da Bulus ya fara lissafawa bayan ya ambaci kiranmu, a Afisawa 4:2-3, tawali'u ne da haƙuri da kiyaye ɗayantakar Ruhu.

Ka raba abu biyu da ka haɗa: zumunci daban, fili daban. Yafewa ba ta nufin ka sallama rabonka. Ka je gidansa kai kaɗai, ba da uwargida ba, ba ta saƙon waya ba. Ka gaishe shi gaisuwar ƙane ga yaya. Zuwan farko kada ka taɓo iyakar fili. Ka faɗi naka kason laifin, ko da baƙar magana ɗaya ce ko ƙin gaisuwa, ba tare da ka biyo da "amma kai ma" ba, domin wannan "amma" ita ke rushe yawancin sulhu. In ya ƙi saurare, ka koma da mutum ɗaya ko biyu da ku duka kuke ganin girmansu, kamar kawunku da wani dattijon ikkilisiya, waɗanda ba su da ido a kan filin. In hakan ma bai yi ba, sai a kai wa majalisar dattawa. Maganar filin kuma a zauna da dangi da mai unguwa, a auna, a kafa alamar iyaka, a rubuta, kowa ya sa hannu tare da shaidu. Bulus ya ja kunnen Korantiyawa, a sura ta 6 ta wasiƙarsa ta fari, kan kai ɗan'uwa ƙara tun ba a gwada sulhun cikin gida ba.

Yana yiwuwa ka yi duk wannan ya ƙi. Romawa 12:18 ta ce ka yi zaman lafiya da kowa iyakar abin da ke hannunka. In ka je da zuciya ɗaya ya juya maka baya, ka ci jibi, ka ci gaba da gaishe shi, ka hana 'ya'yanka gaba da nasa. Amma kafin jibi mai zuwa ka je, ka kuma sanar da fastonku ranar da ka sa domin ya riƙe ka da addu'a.