Tambaya da Amsa: Kafso a Ruwan Kaji

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina kiwon kajin ƙwai a Tawa, kuma kowane mako nakan fasa kafso mai ja da rawaya in zuba musu a ruwan sha don riga-kafi. Duk da haka, da ɗari ya shigo bana sai suka yi ta mutuwa, wasu da murɗaɗɗen wuya da koren kashi. Shin in ƙara yawan maganin ne?
Daga wata mai karatu, Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri. Kada ki ƙara, hasali ma ki daina. Alamomin da kika zayyana sun yi kama da cutar Newcastle, wadda ke ƙarar da kaji a lokacin sanyi, kuma ƙwayar bairus ce ke haddasa ta. Kafson nan, wanda galibi tetracycline ne, bakteriya kaɗai yake yaƙa, don haka ko kwali guda kika juye ba zai taɓa bairus ba. Abin da ke kare kaji daga wannan annoba shi ne riga-kafin da ma'aikatan kiwon dabbobi ke yi tun kafin ɗari ya kama.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan ɗan maganin na mako-mako, domin yana kashe raunanan ƙwayoyin cuta ya bar masu taurin kai su hayayyafa, har su daina jin magani, sannan su iso ga mutum ta hanyar kashin kaji, da hannun mai kiwo, da naman da bai dahu ba. Ranar da yaro zai kwanta a asibiti, likita ya ba da magani ya ƙi ci, wa zai tuna da ruwan kaji? Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki idan aka auna da yawan jama'a. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a daina ba lafiyayyun dabbobi irin wannan magani.

Ki ware marasa lafiya, ki binne mushen, ki kira likitan dabbobi ya duba sauran. Idan ya rubuta magani, ki cika kwanakinsa, kuma kada a ci ko a sayar da ƙwan sai wa'adin jiran da ke jikin kwalin ya wuce.